Allurar Badamasi da Ƙahon Ja'afaru

Ke wa ya gaya miki ubanki rago ne? A'a, kar ki sunkuyar min da kai, Shamsiyya, ɗago ki dube ni. A gidan baffanki Tasi'u kika jiyo, ko ba haka ba? Ai na sani. Daga can duk wata magana mai wari take fitowa. Jingine tsintsiyar nan ki zauna. Shekara tara ke nan ina haɗiye zancen nan, yau kam ya tsaya min a wuya, sai na fitar da shi.

Badamasi shi ne na uku a 'ya'yana. Da ɗan fari ne da ba ki ji sunansa a bakina ba, amma shi sai in kira in sake kira. Ta fari mace ce, ba ta yi rai ba, sai Tasi'u, sannan shi. A nan garin na haife shi, shekarar da ruwa ya ci hanyar Auyo har muka yi wata biyu ba mu ga mota ba, gishiri ma a jirgi ake kawo mana. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake ɗaukar buhun shinkafa daga jirgi zuwa tudu, babu mai ɗora masa. Kin san kachala, ciyawar nan da take toshe mana ruwa? Shi ake sawa gaba in za a sare ta. Ya shiga ruwa iya ƙirji tun hantsi, sai la'asar ya fito, jikinsa duk matsattsaku, yana dariya yana ɓanɓare su. In an yi gayyar yankan shinkafa kuwa, a tsakiya ake ajiye shi, mai ganga ya tsaya a bayansa. Kowa da layinsa, ka yanka har ka kai jinga. Ban taɓa jin ranar da wani ya riga shi kaiwa ba. Tasi'u kansa sai ya tarar ƙanensa ya gama, ya juyo yana yanko masa nasa ta ɗaya ɓarin. Ina jin tun a nan abin ya fara cin Tasi'u, ni dai ban lura ba.

Kina rarrafe hangum ya shigo garin nan. Ciwon yara ne, kumatu su kumbura, a shafa farar ƙasa, kwana bakwai yaro ya tashi. Sai ya kama ubanki yana ƙaton mutum. Shi bai tsaya masa a kumatu ba, ya sauka ƙasa. Yanzu kin yi hankali, ba sai na yi miki dalla-dalla ba. Abin da Allah ya bai wa namiji guda biyu, duka suka kumbura, ya yi kwana goma sha ba ya iya haɗa ƙafa. Da kumburin ya saɓe muka ce alhamdulillahi, an rabu da baƙo. Ashe ya tafi da abin da ya tafi da shi.

Ba rana ɗaya ya faɗi ba, ai da mun gane. A hankali ya riƙa zubewa kamar katangar da damina ta ci. Ya je gona ya yi kunya biyu ya nemi inuwa. Damtsen nan ya saki, tumbi ya fito, gemunsa ya yi sharaf-sharaf har wanzami ya daina samun abin askewa. Ga barci. Ga hawaye ba dalili. Na taɓa tarar da shi a bayan rumbu yana kuka, na ce mene ne, ya ce, "Inna, wallahi ni ma ban sani ba." Uwarki Barira kuwa ta yi shiru da nata, mace ce mai zurfin ciki, amma ni na haihu na san abin da ake nufi in mace ta daina ƙunshi.

Babu abin da ba mu yi ba. An ce basir ne, ya sha sassaƙe har ya gaji. An ce shawara ce. An ce sanyin ruwan kachala ne ya shige shi. An ce sammu ne, na sayar da tunkiyata aka yi rubutu da sauka. Shekara biyar muna wannan. Da mutane suka gaji da nema masa suna, sai suka ba shi mai sauƙi. Suka ce lalaci ne.

Akwai wata gayya a gonar surukin Tasi'u. Ubanki ya lallaɓa ya je don kar a ce bai je ba. Kowa ya kai jinga, shi ko rabi bai yi ba. Mai ganga ya zagayo bayansa, ya canza kiɗa, ya ce, "Na Inna, na Inna, ludayi ya fi lauje daɗin riƙo." Fili ya ɗauka da dariya. Ina wurin, na kawo kunu. Na duba in ga wa zai tsawatar, sai na hango Tasi'u, ɗan'uwansa ciki ɗaya, ya riƙe ciki har da durƙusawa. Kafin sati yaran garin nan sun mayar da ita waƙa. Ke ma kin rera ta a tsakar gidan nan, ba ki san da wa ake ba. Ya ji ki. Ya tashi ya shige ɗaki.

Daga ranar babu abin da Badamasi yake so a duniya sai ɗaya, ya sake shiga gayya ya kai jinga kafin kowa, a cire masa wannan suna. Ki riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

Wani abokin kamun kifinsa ne ya matsa masa ya je asibiti a Haɗeja. Can suka duba suka duba, suka ba shi takarda zuwa Kano. Ni na raka shi, don Barira tana fama da ke, kina ƙyanda. Sau biyu aka ɗebi jininsa, duka da sassafe, wai da safe abin yake nunawa. Likitan wani siriri ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya fara cewa in fita, suka yi tasu ta maza, sannan ya kira ni. Ya ce, "Mama, ku manoma ne?" Na ce gaba da baya. Ya ce, "In injin ban ruwa ba mai, kya ce masa rago?" Na ce a'a. Ya ce, "To ɗanki ba mai ne. Akwai wani ruwa da jikin namiji yake yi da kansa, shi yake riƙe ƙarfi da gemu da kuzari da sha'awar iyali. Hangum ya ƙone wurin da ake yin sa." Ya faɗi sunan ruwan, testosteron, na sa ya maimaita min har na riƙe. Ya ce akwai allurarsa, za a riƙa yi masa duk bayan sati uku.

Na dubi ubanki. Shekara biyar, sai ranar wani ya ce ba laifinsa ba ne.

Kuma bawan Allahn nan bai ɓoye mana komai ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya ce kada ya sa ran zai kwana ya tashi ya ga ya koma saurayi, sai an yi sati uku ko wata guda zai fara jin dama, ƙarfin damtse kuwa sai an yi watanni. Ya ce ƙuraje za su iya feso masa a fuska da baya, ƙirji ya yi tsami, minshari ya ƙaru. Ya ce kwanakin farko bayan allura zai ji kamar ya ɗaga gari, zuciya ta yi saurin hawa, in lokacin wata ya matso kuma jiki ya ɗan yi sanyi, kada wannan ya tsorata shi, in ya dame shi ya dawo a gyara. Ya ce allurar ba ta kawo haihuwa, hana ta ma take yi, shi kuwa dama ciwon ya riga ya taɓa wurin. Wannan ce ta fi yi wa uwarki ciwo da muka dawo, don ta so ta yi miki ƙane. Ya ce ba maganin kwana bakwai ba ne, abin zama ne. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Babbar ita ce wannan. Allurar nan tana ƙara jini. In ya yi yawa yana kauri, jini mai kauri kuwa yana toshe hanya, a kai ko a zuciya. Wata uku ku dawo in auna. Kada a ƙara, kada a matso da rana." Da kunnena na ji. Ba zan ce ban ji ba.

Aka yi ta farko. Sati ɗaya shiru, sati biyu shiru. Ya fara cewa an cuce shi, kuɗin mota kawai ya ƙona. Na ce ai an gaya maka. Bayan ta biyu, wata safiya na fito alwala na ji ana faskare a bayan gida. Na leƙa. Badamasi ne, ya tuɓe riga, ya tasa wani kututturen gawo da ya shekara uku a wurin. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, na rasa me zan yi, sai na ɗauko carbi.

Kai, 'yar nan, watannin nan biyu ban taɓa ganin irinsu ba. Tuwo malmala uku yake tashi da shi. Fuska ta yi maiƙo, ƙuraje suka feso masa kamar ɗan shekara sha shida, Barira tana tsokanarsa wai ta auri yaro. Minshari kuwa har akuyoyi suna amsawa. Ya ɗauke ki a wuya ya kai ki bakin kogi ya dawo. Wata rana uwarki ta shigo tana sunne kai ta ce, "Inna, ko da sauran lalle a wurinki?" Na ba ta duka ƙullin. Zafin zuciyar ma ya zo kamar yadda aka faɗa. Ya taɓa yi wa jakinmu dukan da sai da na fito na tsaya a tsakani. Bayan kwana biyu ya zo ya ba ni haƙuri, ya ba jakin dusa.

Abin da ya kasa jurewa shi ne satin ƙarshe. In ranar allura ta kusa, jikin ya ɗan saki, sai tsoro ya kama shi. Ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina ya ce, "Inna, ya dawo." Na ce ba an ce haka zai riƙa yi ba? Ya ce, "Ke ba ki san yadda yake ba." Gaskiya ya faɗa, ban sani ba. Wanda ya taɓa nutsewa, ko a kwano ya ga ruwa sai gabansa ya faɗi.

Likita ya ce a ɗakin shan magani na garin nan za a riƙa yi masa. To mai yin allura a wurin 'yar garin nan ce, ƙawar matar Tasi'u, shi kuwa ba ya so a san wace iri ake masa. Sai ya koma wurin wani mai kemis a bakin kasuwa, can wani gari, ba zan kama sunansa ba, Allah ya san shi. Wannan mutumin ko makarantar allura bai yi ba, a shagon yayansa ya koya. Shi ne ya ce masa, "Kai da kake da ƙarfin saye, me zai sa ka zauna jiran sati uku? Zo duk Juma'a." Ya mayar da ita kamar maganin ƙarfin maza na 'yan tebur. Ban san da wannan ba sai a Kano.

Wata uku ya cika muka koma. Lokacin ruwa ya fara ja, shinkafa ta sunkuya, ana ta korar tsuntsayen jan-baki. Aka ɗebi jini. Likitan ya dubi takarda, ya dubi ubanki, ya cire tabarau. Ya ce, "Sau nawa ake maka?" Ya ce duk sati uku. Ya ce, "Badamasi, jininka ba ya ƙarya, kai ma kada ka yi." Nan ya faɗi gaskiya. Likitan bai ɗaga murya ba, amma na ga ransa ya ɓaci. Ya tambaye shi ciwon kai, ya ce yana yi. Jiri, ya ce wani lokaci. Ya ce in duba idonsa. Na duba, jawur. Ni da nake cewa ƙurar sussuka ce. Ya ce, "Jinin nan ya yi kauri fiye da kima. A tsayar da allura yanzu. Ga takarda, ku kai Haɗeja a zuƙe masa leda guda, ya yawaita shan ruwa, bayan sati uku a sake aunawa. In ya sauka sai mu ci gaba a hankali."

Ubanki ya ce, "Likita, saura kwana goma sha biyu gayya." Ya ce, "Gayyar wa?" Ya ce ta yayansa. Likitan ya ce, "Yayanka zai sake shuka baɗi."

Muka kamo hanyar gida a mota, tun daga Kano har Malam Madori. Ya jingina kai da gilashi. Ni kuma ina ta saƙe-saƙe. Na taɓa ganin ledar nan da ake zuƙar jini, lokacin da aka ƙara wa wata maƙwabciyarmu wurin haihuwa. Cike take tam, kamar ƙaramar salka. Na ce a raina, a zuƙe wa mutum wannan, a hana shi allura, sannan ya shiga gayya? Ai ko rabin layi ba zai kai ba, mai ganga ya samu sabuwar waƙa.

To saurara, don nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɗora wa kowa shi ba. Ni ce na taɓa shi na ce, "Wai ba rage jini aka ce ba? In dai rage jini ne, ina Ja'afaru?"

Kin san Ja'afaru wanzami, shi ya cire miki belu. Mu a garin nan tun kaka da kakanni, in jini ya yi wa mutum yawa ƙaho ake masa. Babana duk shekara kafin a shiga fadama sai an kafa masa guda shida a gadon baya, ya tashi ya ce ya ji garau. Ni a sanina rage jini shi ne ƙaho, ƙaho shi ne rage jini, Bature ne dai ya zo da leda. Ban yi don mugunta ba. Amma likita ya rubuta takarda, ni da ban san alif ba na soke ta da bakina.

Ubanki ya ɗago ya dube ni kamar na ciro shi daga rijiya. Ya ce, "Inna, haka ne fa."

Washegari da hantsi Ja'afaru ya zo da zabirarsa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Yana wasa aska yana cewa, "Na Inna, ashe har Kano ka kai jinin? Mu muna nan kusa, sai ka wuce mu, ka kai wa masu farar riga."

Badamasi ya ce, "Baba Ja'afaru, su suna da injin aunawa."

Ya ce, "Ni ma ina da shi, ga shi nan guda biyu a goshina. Juya min baya. Kai, waɗannan ƙuraje fa? Barira ce take ba ka madarar yara?"

Suka yi dariya. Ya kafa ƙaho takwas, ya tsotsa, ya toshe, ya cire, ya tsaga, ya mayar. Da ya juye a kan toka sai ga jini baƙi ƙirin, guda-guda kamar hanta. Ya kira ni ya ce, "Uwar Tasi'u, zo ki gani. Kin ga mataccen jinin da yake damunsa. Wannan ledar asibiti ba ta isa ta zaɓo shi ba, mai kyau da marar kyau take kwasa." Na duba na ce alhamdulillahi. Na ba shi kwanon shinkafa da zakara.

Daga baya, a asibiti, wata ma'aikaciya ta ce min kowane jini in ya kwanta a ƙaho haka yake zama, ko na jariri ne. Ta ce duk abin da ƙaho takwas ɗin suka fitar bai fi ludayi ba. Ludayi, Shamsiyya. Shekarata sittin da wani abu ina kallon jinin ƙaho, ban taɓa tambayar kaina me ya sa na kowa baƙi ne ba. Shi Ja'afaru da ya gaji aska tun kakansa, shi ma bai sani ba? Ko ya sani zakara ne ya rufe masa baki? Har yau in mun haɗu a hanya shi yake fara gaisuwa, ni kuwa sai in ga dama.

Tunda an rage jini, a ganinmu, sai ubanki ya ce to babu dalilin tsayar da allura. Ya koma wurin mai kemis ranar Juma'a. Ana jibi gayya ya sake komawa, aka yi masa wata. Barira ta sani, ta zo ta same ni ta ce, "Inna, ki yi masa magana, kansa yana sarawa har ba ya son haske." Kin san me na ce mata? Na ce bari a gama gayyar. Ni na faɗa.

Gonar Tasi'u tana hayin ruwa, sai da jirgi. Mutum ya fi talatin ranar. Kuma Tasi'u, don ya ji ana cewa ƙanensa ya farfaɗo, sai ya ajiye shi a tsakiyar samari 'yan shekara ashirin, ya ba shi layin da ya fi kowanne tsawo, wanda ya bi ta kwari inda taɓo yake kai gwiwa. Ya ce, "Mu ga aikin allurar Kano." Ashe duk ɓoyon da ake yi ya sani. Mai gangar nan dai shi aka kira.

Mu mata mun iso da abinci rana ta take. Tun daga cikin jirgi nake jin kiɗa, ina jin ana kiran sunansa. Na hau jinga na hango shi. Wallahi ya ba samarin nan rata ta fi tsawon gidan nan. Lauje yana walƙiya, shinkafa tana kwanciya a bayansa. Aka ce tun safe ko ruwa bai tsaya sha ba, in an miƙa masa sai ya girgiza kai. Mai ganga ya bar kowa ya koma bayansa, bakin da ya zage shi shi yake masa kirari. Ni kuma, tsohuwar banza, na ajiye ƙwarya na rangaɗa guɗa.

Saura bai fi taku goma ya kai jinga ba sai na ga laujen ya faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya sake miƙawa da ɗayan. Sai ya tafi gefe guda a hankali, ya kwanta cikin taɓo. Mai ganga bai ma daina kiɗa ba, ya ɗauka wasa ne. Na ji wani daga baya ya ce, "To, halin ya motsa." Ban ga mai maganar ba. Da na gan shi da yau ba na gaishe da gidansu.

Na shiga taɓon da zanena. Na tarar bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya rufe, hannun dama da ƙafa kamar ba nasa ba. Aka ciccibe shi zuwa jirgi, daga jirgi aka sa shi a babur mai ƙafa uku, har Haɗeja. Suka karɓe shi da gudu, ba su yi mana wasa ba. Da suka auna jinin, babbansu ya tambaye ni ko ba a taɓa gaya mana ya yi kauri ba. Takardar Kano tana ƙulle a bakin zanena tun ranar, na kwance na miƙa masa. Ya karanta, ya dube ni, ya ninke ta ya mayar min. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. A ranar suka zuƙi ledar da aka ce a zuƙa tun kwana goma sha biyu. Kwanansa uku, ranar Alhamis da azahar Allah ya karɓi abinsa.

Na san kwana ne ya ƙare, ba sai an tuna min ba. Masu zuwa gaisuwa sun faɗa min har na ƙoshi. Tasi'u ma ya faɗa, yana zaune a kan tabarmar makoki yana karɓar gaisuwa, shinkafarsa tana rumbu. Mai kemis ya aiko da goro. Amma a ce bayan duk wannan, yau a gidan Tasi'u ake gaya wa 'yarsa wai ubanta rago ne, wai gayya ɗaya ya shiga ta kashe shi? Mutumin da ciwo ya ci shekara biyar ana masa waƙa? Maganin ya karɓe shi, da idona na gani. Da mun bi yadda aka ce, da yanzu yana nan yana miki faɗan dawowa da wuri. Mu muka taru muka tura shi, mai ganga da gangarsa, mai kemis da allurarsa, Ja'afaru da ƙahonsa, yayansa da dariyarsa, ni da bakina. Gobe ki shirya ki raka ni gidan baffan naki, a gabanki zan tambaye shi wanda ya faɗa.

A asibiti bai yi magana ba ko sau ɗaya. A cikin jirgi ne, muna tsakiyar ruwa, kansa yana kan cinyata ina share masa taɓo da gefen mayafi, na ga bakin yana motsi. Na kai kunnena. Maganar tana fita da ƙyar, ta gefe guda. Na ɗauka salati zai yi, ko ya ce min ga Shamsiyya. Ya ce, "Inna, ki gaya wa Yaya Tasi'u saura kaɗan ne. Kada ya sa kowa a layina."